Wai Kwalliya Ce Ke Damun Matata

Ranar Litinin na yi sammako, na sa rigar zuwa coci, na hau matatu, ƙaramar motar hayarmu, zuwa ofishin kamfanin inshorarmu a cikin garin Kakamega. Na'urar ba da lambar layi ta lalace, sai mai gadi ne ke rubuta wa mutum lamba a tafin hannu da biro. Kafin a zo kaina zufa ta wanke lambata, aka mayar da ni baya. Da na isa gaban tebur, wata budurwa ta danna kwamfuta, ta yi mini murmushin wanda bayansa bai taɓa ciwo ba, ta ce, "Baba, an duba. Aikin kwalliya ne, mu kuwa ba ma biyan kwalliya."

Ku yi haƙuri da ni, masu karatu, yau zan faɗi abin da dattijo ba ya faɗa a jarida. Matata Nasimiyu, wadda unguwa ke kira Maman Wekesa, tela ce. Allah ya hore mata ƙirji fiye da abin da bayanta zai iya ɗauka. Igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗa, yatsunta suna mutuwa, in ta ɗan zauna kan keken ɗinki sai ta sauka ta kwanta a siminti. Masu kawo ɗinkin kayan makaranta sun fara komawa wajen wata. Likita ya ce magani ɗaya ne, a yi mata aikin rage nono. Ranar da na tarar ta lulluɓe keken da zani tana share hawaye, wallahi na ji tsoro, don ban taɓa ganin matar nan ta sare ba.

Amma a yi adalci, kamfanin nan akwai karamci. Maganin ciwon baya? Suna biya ba musu. Gashin ƙashi, abin ɗaure wuya, man shafawa, duk sun biya, har da godiya. Abin da zai kawar da ciwon gaba ɗaya ne kawai ba sa so, kada a raba su da tsohuwar abokiyar hulɗa.

Sharuɗɗansu ma abin yabo ne. Sun ce sai ta rage ƙiba tukuna, ta riƙa gudu da safe. Matar da hawa matakala ke sa ta riƙe ƙirji da hannu biyu, ita aka ce ta yi gudu. Ta daure ta bar shayi mai madara da mandazi, fanken nan namu, ta rame. Sai Mai Girma Sarkin Sikeli, mai awon kamfanin, ya ce yanzu abin da za a cire ƙila ba zai kai nauyin da dokarsu ta yanka ba. In ta yi ƙiba laifi, in ta rame laifi. Gaba kura, baya sayaki.

Da na dawo na kai kukana wajen maƙwabcina dattijo Mzee Barasa, yana zaune yana gyaran rediyonsa da bai taɓa gyaruwa ba.

"Tsaya, Baban Wekesa," ya ce. "Shanun sadakin da ka kai gidan su Maman Wekesa, na mace cikakkiya ne ko?"

"Cikakkiya mana."

"To in aka rage, surukanka za su dawo maka da maraƙi?"

Matarsa ta leƙo ta taga. "Kai da ko akuyar ƙarshe ba ka cika wa babana ba, kai ne mai lissafin maraƙi? Tsohon banza, ka taɓa ɗaukar abin da ya fi rediyon nan nauyi?"

Mzee ya ƙara wa mataccen rediyon murya, ya ce labarai ake yi.

Maman Wekesa ta saurari rahotona har ƙarshe, ta ce, "Maigida, ka yi ƙoƙari. Amma zuwa da kai ya fi aike. Ranar ɗaukaka ƙara tare za mu je."

Ranar Alhamis muka shiga ɗakin kwamiti, ita da jakarta ta kasuwa. Na'urar sanyaya ɗaki na ta aiki, ga faranti cike da sambusa wanda ba don mu aka ajiye ba. A tsakiya ga Ranka Ya Daɗe Shugaban Kwamitin A-Dawo-Gobe, yaro sa'an ɗanmu, da lakataye mai sheƙi. Ya buɗe baki ya fara, "Mama, a ƙa'idarmu, duk aikin da ya shafi kwalliya..."

"Ɗana, ɗan dakata," ta ce. "Na zo maka da tsaraba."

Ta zaro ƙunshin garin ugali, tuwon masararmu, guda biyu, irin na kilo bibbiyu, ta ɗinke su da siririyar igiyar rigar mama, ɗinki mai kyau irin nata. Ta zagaya teburin a hankali, ta rataya masa a kafaɗa, ta gyara masa lakataye a tsakani.

Kun san halinmu. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya ture hannun sa'ar uwarsa, ba ya kuma mayar da kyautar abinci a gaban mutane. Ya dubi abokan aikinsa, kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin sambusa.

"Ci gaba da bayaninka, ɗana," ta ce, ta koma ta zauna. "Ba ma sauri. Ai kwalliya ce, ta yi maka kyau."

Ya ci gaba. A sakin layi na farko yana zaune cak. A na biyu ya tallafe kayan da hannu. A na uku ya ɗora su kan tebur a ɓoye, ta ce, "A'a, ni ba ni da tebur in ina tafiya kasuwa." Ya ɗaga. Wuyansa ya fara lanƙwasa, igiya ta nutse cikin kwat. Wata dattijuwa a cikin kwamitin ta ƙyalƙyale da dariya har da buga tebur, ta ce, "Karanta mana duka littafin, shugaba, har da ƙananan rubutu!"

Jiki magayi. Kwamitin da aka san shi da ɗage zama har sai an girbe rake, ranar kafin shayi ya huce ya gano cewa lamarin na lafiya ne. An sa mata ranar aiki a wata mai zuwa. A cikin matatu ta riƙe hannuna ta ce, "Ka cire zanin nan daga kan keke in mun isa." Na juya wajen taga, na ce ƙura ce ta shiga mini ido.

Na ji an ce washegari shugaba ya nemi a biya masa gashin wuya, kuma an biya nan take, ba wanda ya ce ya fara yin gudu. Garin ugalin namu kuwa har yau bai dawo ba. Kwamiti na nazarinsa, da miyar ganye.