Pilolin Osman sun dafa shinkafa

Jiya manyan Asambili, wato ƙaramar hukumarmu, suka zo duba filinmu a zangon Yendi. Ina gode musu. Tun Osman mijina yana tafiya da ƙafarsa ya nemi izinin ƙara ɗaki, don ɗakin da muke ciki yana yoyo. Suka ce suna zuwa. Ya yi ciwo, ya rasu, na yi takaba na fita, sai ga su. Mutane ne masu cika alkawari, Allah ya ƙara girma.

Su biyu ne, Mai Girma Mai Tef da Mai Girma Mai Riƙe Masa Ɗaya Bakin. Babban ya ce, "Mma, ina maigidan?"

Na ce, "Ya jira ku, ranka ya daɗe. Bai samu dama ba."

Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce in nuna masa piloli, wato guntayen simintin nan huɗu da ake kafawa a kusurwar fili. Muka samu ɗaya wajen bishiyar darbejiya. Sauran wuraren sai rami.

Nan na tuna. Ranar addu'ar arba'in mata sun zo da manyan tukwane babu murhu. Ina kuka Asiatu ƙanwata ta ce, "Yaya, duwatsu fa?" Na ce, "Ga wasu can Osman ya bari a ƙasa, ba su da aiki." Ni na nuna, ni na ba da fartanya. Shekara da shekaru ina shara ina zagaye su, ban taɓa tambayarsa ko na mene ne ba. Shi ma bai faɗa ba, yana ganin yana nan.

Na kai manyan bayan gida. Ga su uku a jere, baƙi ƙirin, lambar gwamnati ta sha hayaƙi. Ƙaramin ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Babban ya ce, "Mma, kin dafa iyakarki."

Na ce, "Shinkafa ce. Ta yi daɗi kuwa."

Na ce to in mayar da su ramukansu mana. Ya ce laifi ne, sai safiyo ya zo ya kafa, su kuma su dawo su duba. Yaushe? Suna zuwa. Damina ma tana zuwa, ita kuma ba ta saɓa lokaci.

Maƙwabcinmu Sherif, wanda ya ci faranti biyu ranar addu'ar, ya leƙo ta katanga. "Mma Latifatu, ni dai a tunanina iyakar marigayi ba ta kai ramin nan ba."

Na ce, "Sherif, da kana cin shinkafar ba ka yi wannan tunanin ba."

Yanzu na ajiye kwano a ƙarƙashin yoyo, na ɗora kujerata kusa da pilar da ta rage, ina gadi. A nan ne Osman yake zama da yamma, sai yanzu na gane dalili.

Idan kun ji na bi Osman kafin Asambili su dawo, ku zo addu'a, amma kowa ya zo da murhunsa.