Kwafi Uku a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Wani ne, matarsa shekara biyu tana rubuta kundin kammala karatunta a wata tsohuwar kwamfuta, saura kwana uku ta miƙa. Kwamfutar kuwa Allah ya yi mata nawa. In ka kunna ta, sai ka shiga wanka ka fito ka shafa mai, tana nan tana tunani.

Abokin aikinsa ya ce masa, "Akwai manhaja mara nauyi da za ta sa kwamfutar sauri. A gefen tsohuwar manhajar ake ɗora ta, kowa da ɗakinsa. In ka kunna sai ka zaɓi wadda za ka shiga. Amma fa ka fara yin kwafin kayanku."

"Wannan ai sai ka gaya wa yaro," in ji shi.

Matar na fita kasuwa, gogan naka ya naɗe hannun riga. Ya yi kwafin kundin ya ajiye a fuskar kwamfutar. Ya sake yin wani ya sa a wata jakar fayiloli ta kwamfutar, ya rubuta mata KADA A TAƁA. Ya yi na uku ya cusa a wata jakar cikin waccan, saboda shi mutum ne mai taka-tsantsan.

Sannan ya soka filas, ɗan ma'ajin nan da sabuwar manhajar ke ciki. Kwamfuta ta tambaye shi: a ɗora a gefe, ko a shafe komai a ba sabuwar manhajar fili?

Ya yi tsaki. "A gefe kamar ɗan haya? Ni ba na rabin aiki. Mai kwafi uku me zai ji tsoro?"

Ya danna shafe. Jan rubutu ya fito: Ka tabbata?

Nan fa ransa ya ɓaci. "Ji wannan! Ko a gidan nan ba a yi mini wannan tambayar."

Ya danna da ƙarfi.

Matar ta dawo. Ya ce, "Maman yara, zo ki ga aikin maza." Kafin ta ajiye jaka kwamfuta ta buɗe, fes, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Ta leƙa nan, ta leƙa can. "Ina kundina?"

"Yana nan. Bai gama sabawa da wurin ba ne."

Ta rungumi kwamfuta, ya bi ta a baya har shagon mai gyara.

Mai gyara ya daɗe yana dube-dube. Ya ce, "Malam, ka yi kwafi kafin ka fara?"

"Har uku."

Matar ta sauke ajiyar zuciya, har da hamdala.

Mai gyara ya ce, "Madalla. Ina suke?"

Ya nuna kwamfutar. "A ciki."

"Duka ukun?"

"To a ina zan sa? Filas ai ɓata yake yi."

Mutumin ya ga ya kamata ya lallashi iyalinsa. Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Da saurin da take yi yanzu, shekara biyun nan cikin kwana uku za ki gama su."

Matar ta dube shi sama da ƙasa. Ta juya wajen mai gyara, ta nuna mijin da haɓa. "Malam, shi wannan fa, ana samun sabo mara nauyi?"

Mai gyara ko kai bai ɗaga ba. "A gefe za a ɗora, Hajiya, ko a shafe tsohon?"

"A shafe. Kuma kada ka tambaye ni ko na tabbata."