Laima a Bakin Kabari

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da muka kai Kawu Sale makwancinsa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, amma duk sanda na tuna ranar sai in ji gumi ya karyo mini.

An haife ni da tawadar Allah, jajawur, tun daga goshi har kuncin hagu, ga ni fari, ba ta ɓuya. Da na fara zuwa ƙasar Sin saro kayan babur sai na ji ana maganinta: a yi maka allura, a haska wa wurin wata fitila, jan ya riƙa dusashewa. Na yi a ɓoye (wa zai so a ce magidanci da 'ya'ya yana neman kyau?). Likita ya ja mini kunne: maganin na nan a jikina, mako biyu kada rana ta taɓa ni, in ba haka ba fata ta ƙone.

Na dawo Daura, ko gajiya ban huce ba Kawu ya cika. Aka sa jana'iza bayan azahar.

Haka na fito, rawani ya rufe fuska, ga baƙin tabarau, ga safar hannu, ga laimar matata mai furanni (ita kaɗai ce a gidan). Mutane na ta satar kallona.

A bakin kabari Liman ya ce, "Ina Habu? Shi ne ɗansa, ya sauka ya karɓe shi."

Na miƙa wa ƙanena laimar, na raɗa masa ya riƙe mini. Na sauka, laima na bina. Sai Malam Idi, aminin marigayin, ya ce, "Habu, wannan da za ka kwantar, a rana ya yi noma ya ciyar da kai. Yau kai ne rana ba ta taɓawa?"

Ga ni a cikin rami, amma na rasa inda zan ɓuya. Na warware rawani, na cire tabarau, na ce a naɗe laimar. Na kwantar da Kawu, na tsaya a rana har aka gama mai da ƙasa.

Kafin magariba fuskata ta kumbura suntum, idon hagu ya rufe. Masu zuwa ta'aziyya suka riƙa cewa, "Allah sarki, Habu ya yi kuka har fuska ta kumbura." Wannan ya fi maganar Malam Idi yi mini ciwo, domin ran nan tsabar kunya ba ta bar ni na zubar wa Kawu ko ɗigon hawaye ba.

Yanzu ko haƙori zan cire, sai na bi dangi gida-gida na faɗa musu.