Rautar Alhaji Sallau Mai Fenti

Wani mutum ne a Funtuwa, a layin masu kayan gini, ana ce masa Alhaji Sallau mai fenti. In dai cika baki ake nema, to an zo gidansa. Fenti yake sayarwa, amma in ka zauna da shi sai ka rantse shi ya ƙera wayar salula. Ka ce masa kanka na ciwo, ya faɗa maka magani. Ka ce motarka na tari, ya gaya maka abin da ya lalace, bai ko ga motar ba.

Abin da ya fi taƙama da shi duk duniya kuwa, wata 'yar farar na'ura ce da ya kafa a bangon shagonsa, can sama, inda mai wucewa a titi ma zai hango. Rauta ce, akwatin nan mai raba intanet. Fitilunta kore suna ƙyaftawa wal-wal tun safe har a tashi kasuwa. Kullum sai ya hau kujera ya goge ta da hankici.

"Wannan ba irin taku ba ce," haka yake gaya wa 'yan majalisar da ke zama a ƙofar shagonsa bayan La'asar. "Kamfani bai fi mutum uku ya ba irinta a jihar nan ba. Ni da wasu manya."

In wani ya roƙe shi lambar sirri ya ɗan hau, sai ya girgiza kai. "Kamfani ya hana. Layin manya ne, ana sa masa ido daga Abuja."

To ga gaskiyar magana, tunda mu ba mu ci masa bashin rufin asiri ba. Rautar nan matacciya ce. A wurin 'yan gwangwan ya tsince ta, ko sim babu a cikinta, fitilun ne kawai suka rage da rai. Intanet ɗin da Sallau ke wuni yana kallon dambe da shi, na maƙwabcinsa ne, Mamuda mai kemis, wanda bango ɗaya ya raba su. Wata rana ce Sallau ya shiga kemis zai tura hoton takardar asibiti, Mamuda ya sa masa lambar a waya don Allah da Annabi. Wayar ta riƙe, Sallau ma ya riƙe. Tun daga nan bai ƙara sayen data ba.

Shi kuwa Mamuda, bawan Allah, kullum yana majalisa yana kukan datarsa ba ta kai ƙarshen wata. Kuma wa ke ba shi shawara? Sallau.

"Arha ka bi, Mamuda. Ka daure ka sayi irin tawa ka huta."

Rannan bayan La'asar majalisa ta cika. Baba Ilu, wani tsohon direban tirela da ba ya raga wa kowa, yana ba da labarin surukinsa da 'yan damfara suka kira a waya suka yi masa wanka tas. Sallau ya kwashe da dariya har yana buga cinya.

"Ai dama sai sun zaɓa suke kira. Suna jin muryar mutum suke gane ko akwai kai a wuyansa. Ni Sallau, wallahi ɗan damfarar da zai ci ni ko a cikin uwarsa bai kwanta ba. Ya kira ni mana. Shi zai turo mini kuɗi yana ba ni haƙuri."

Bai rufe baki ba wayarsa ta ɗauki ƙara, ƙirrr. Baƙuwar lamba. Shi kuma yana da wata ɗabi'a, duk kiran da ya shigo a majalisa sai ya buɗe lasifika, don a ji irin mutanen da ke nemansa. Ya danna, ya ɗora wayar a kan bokitin fenti.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Da Alhaji nake magana?" Murya ce mai laushi, ta wanda ya sha boko. "Injiniya Jamilu ne, daga sashen gyara na kamfanin intanet ɗinka."

Sallau ya dubi wayar. Wane kamfani? Shi da ba shi da kamfani ko na ashana. Amsar da ta dace tana nan a bakin harshensa: malam, ba ni da layi, ka yi kuskuren lamba. Kalma tara, an wuce wurin. To amma ya faɗe ta a ina? Ga Baba Ilu ya karkato kunne. Ga Mamuda ya buɗe baki. Ga sauran jama'a sun yi tsit. Ya faɗi haka yau, gobe ko yaran layin ba za su gaishe shi ba.

Sai kuma wani tunani ya zo masa mai daɗi. Shekara guda yana faɗa ana yi masa kallon shakka, yau ga kamfani da kansa ya zo ba da shaida a bainar jama'a, kyauta.

Ya gyara zaman hula. "Injiniya, sai yau kuka tuna da mu?"

"A gafarce mu, yallaɓai. Kai ai babban kwastoma ne, sunanka na shafin farko. Yanzu haka rautarka nake kallo a kwamfutarmu."

Sallau ya ɗaga gira ya bi 'yan majalisa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Baba Ilu sai ya daɗe.

"Matsala muka gani, ranka ya daɗe," in ji muryar. "Akwai ɓarayin data a yankinku. Wani na kusa da kai ya maƙale a layi yana zuƙa, dare da rana."

Mamuda ya dafe ƙirji. "Na faɗa. Wallahi na faɗa akwai abin da ke faruwa a layin nan."

"Yi mana shiru, ana maganar manya," in ji Sallau, yana kau da ido daga Mamuda.

Mamuda bai iya zama ba. Tsoro ya kama shi kada ɓarayin nan su gama da tasa. Ya sulale ya shiga kemis ya zare wayar rautarsa daga soket, ya dawo ya zauna, ba wanda ya kula.

"Fitila nawa ke ci a jikinta yanzu, yallaɓai?"

"Duka. Kore shar."

"To ka gani. Alamar ke nan. Da lafiya take, da ɗaya ta huta."

Jama'a suka ɗaga kai suka dubi rauta suna jinjina kai. Ita kuwa tana ta ƙyafta idonta na banza.

"Yanzu zan toshe ɓarayin daga nan. Kuma saboda damuwar da aka jawo maka, kamfani zai ba ka wata shida kyauta, ba iyaka. Wata lamba za ta shigo wayarka yanzu, ka karanto mini ita in tabbatar kai ne."

Ting, saƙo ya shigo.

Baba Ilu ya miƙa sandarsa ya taɓa ƙafar Sallau. "Alhaji, kada ka karanta. Da irin wannan lambar aka yanka surukina."

Shi fa Sallau ba wai bai yi tunani ba. Ya yi, tunanin ne irin nasa. Ya ce a ransa, in kamfanin gaske ne suka ruɗe, to wata shida kyauta ta faɗo masa daga sama, ya huta da laɓewa a bangon Mamuda. In kuma ɓarawo ne, me zai sata a akwatin da ba komai a cikinsa? Ko ta ina shi ke da riba. Har tausayin ɗan damfarar ya ji.

"Baba Ilu," ya ce, "ka san giyar tirela, ban musa maka ba. Wannan fannin ka bar wa masu shi."

Ya ɗaga wayar nesa da ido, ya karanto lambar da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sanar da sakamakon zaɓe. Rubutun da ke ƙasanta, mai cewa kada a ba kowa, ko kallonsa bai yi ba.

"Madalla, ranka ya daɗe. Ka ba mu minti kaɗan." Ƙit, aka kashe.

Sallau ya miƙe ƙafa ya sa aka kawo masa shayi. "Kun dai ji da kunnenku. Shafin farko."

Bai kai rabin kofi ba wayar Mamuda ta yi ting. Ta mai siminti ta yi ting. Ta mai kwano, ta mai ƙusa, ta ladan, ting, ting, ting, majalisa ta ɗauka gaba ɗaya. Mai siminti ya duba tasa, ya dubi Sallau, ya sake duba wayar.

"Alhaji, lafiya kake kuwa?"

"Kamar yaya?"

"To ga shi ka turo mini a Wasap, wai ka yi hatsari a hanyar Zariya, ƙafarka ta karye gida biyu, kana asibiti, in taimaka maka da abin da ya samu cikin gaggawa."

"Ni ce mini ya yi 'yan sanda sun kama shi da jabun fenti," in ji mai ƙusa.

"Wannan kam ana iya yarda," in ji Baba Ilu.

Sallau ya dire kofi ya fizgi wayarsa. Ya buɗe Wasap, ta ce ba ta san shi ba, an koma da lambarsa wata wayar. Ya kira Injiniya Jamilu, a kashe. Kafin ya yi wani motsi kira ya fara shigowa. Yayarsa daga Malumfashi tana kuka tana tambayar wane asibiti. Wani dilansa na Kano yana jajanta masa karaya. Mutum zaune da ƙafafunsa biyu lafiya lau, yana rantsuwa a waya cewa bai karye ba.

"Maza ka sake shiga ka ƙwace abinka kafin su gama da 'yan'uwanka," in ji mai siminti.

Ya gwada. Waya ta ce babu intanet. Ya sake gwadawa, babu. Data kuwa rabonsa da saye an daɗe.

"Yaya babu intanet?" in ji Baba Ilu. "Ga layin manya can yana ƙyafta ido."

Nan fa Sallau ya ga ƙofar tsira, ya yi wuf ya faɗa. "Sun toshe ta. Kun ga irin ƙarfinsu ko? Ba ƙananan ɓarayi ba ne, daga ƙasar waje suke. Rauta irin wannan su kashe ta daga nesa. Ku duba ku gani." Ya buɗe bidiyon damben da yake kallo da rana, ya nuna wa kowa. Wani ɗan zobe na ta juyawa a tsakiya, ba hoto ba sauti. "Ni ma sai da suka haɗo gayya kafin su taɓa ni. Da ɗayanku ne, da tuni har gidansa sun sayar."

Kuma wallahi saura kaɗan ya sha. Har an fara yi masa sannu.

Sai Mamuda ya miƙe. "Tunda tasa suka toshe, bari in kunna tawa ya yi amfani da ita. Dama ɗazu na kashe don tsoro."

"Bar shi, bar shi," in ji Sallau da sauri. "Kada ka wahalar da kanka."

"Haba Alhaji, maƙwabtaka fa."

Ya shige kemis. Sallau ya rasa abin yi, wayar da ya ajiye na kan bokiti, idon kowa na kanta. Ya kai hannu zai ɗauke, Baba Ilu ya ɗora sandarsa a kai. Jim kaɗan, tun Mamuda bai fito ba, balle ya ba wani lambar sirri, sai kalangu ya ɓarke daga wayar Sallau, tin-tin-tin, maroƙi na zuga ɗan dambe.

"Alhamdu lillahi, tawa ta dawo," in ji Sallau.

Baba Ilu ya dubi rautar da ke bango, ya dubi ƙofar kemis. Ya ɗaga murya. "Mamuda, sake kashe taka."

Kiɗan ya ɗan yi gaba, ya shaƙe, ɗif. Zobe ya dawo yana juyawa.

"Kunna."

Aka jira. Tin-tin-tin.

"Kashe."

Ɗif.

Mai ƙusa ya faɗo daga benci don dariya. Mai siminti ya ɗauki wayar ya leƙa inda ake ganin sunan layin da ta hau, ya karanta wa jama'a a hankali: Mamuda Kemis. Wani ya hau kujera ya sauko da rautar Sallau, ya buɗe bayanta. Inda sim ke zama, gizo-gizo ne ya yi gida.

Sallau ya buɗe baki zai yi bayani. Wayarsa ta sake ƙara, wani ne kuma zai yi jajen karaya. Bai ɗauka ba.

Mamuda ya fito daga kemis yana goge hannu, aka nuna masa sunan da ke jikin wayar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi mutumin da ya shekara yana ba shi shawarar ya daina bin arha.

"Ku daina zagin ɗan damfarar nan," ya ce, "gaskiya ya faɗa, akwai mai zuƙar data a layin nan dare da rana. Kuskurensa ɗaya ne. Maimakon ya kira mai kayan, sai ya kira ɓarawon."