Gargaɗin Iska Ya Cinye Mini Kanumfari

Yau da safe na tsinci kaina rungume da tsanin gora, ban ko yi nisa da ƙasa ba na kasa gaba. Matata Daeng Rannu tana daga ƙasa tana cewa, "Sauko, tsoho, ni ban shirya takaba bana ba." Na sauko. Da ma kunya ce ta hana ni saukowa tun farko.

Kanumfarina ne ya sa ni wannan ganganci da furfurata. Ya nuna, kawunansa sun fara ja, in ba a tsinke shi a makon nan ba zai buɗe ya zama fure, furen kuwa ko kyauta ɗan kasuwa ba ya ɗauka. Shi ne cin gidana na shekara. Masu tsinka sun hauro tun tuni daga ƙauyukan bakin teku, ga su nan a barandata suna shan kofina da soyayyar ayaba, ba mai hawa.

Kullum da asuba saƙo na shigowa waya daga ofishin Mai Girma Sarkin Iskar Gunduma: "Hattara, iska mai ƙarfi a kan tuddai." Kullum fa. Ganye ko motsi ba ya yi, hayaƙin murhu na miƙewa sama sak, amma hattara.

Na ce wa Ambo Tuo, shugaban masu tsinkar, "Haba Ambo, ɗaga kai ka duba mana. Ina iskar?"

Ya kira ni da laƙabin girmamawa irin namu, ya ce, "Daeng, ni ma ina da ido. Amma saƙon nan har matanmu ake tura wa, tawa ta ce in na hau kada a kawo mata ni a naɗe. Kuma ka san iskar tudun nan, daga teku take tasowa ba sallama. Ranar da gargaɗin zai zama gaskiya, wa zai gaya mini ita ce?"

Bara iska ta kaɗo wani bawan Allah daga kan bishiya a tudun gabanmu, ranar da ofishin ya ce lafiya lau. Aka yi ta surutu har wani babba ya rasa kujerarsa.

Sai na hau babur na gangara gari. Na tarar da Mai Girma fanka biyu na kaɗa masa, iskar da na fara gani ke nan a makon.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe iskar nan za ta kwanta?"

"Wace iska?"

"Wadda kuke aiko mana."

Ya yi murmushin tausayin ɗan ƙauye, ya ce, "Baba, ka gane. In mun ce akwai iska ba ta zo ba, wa ya mutu? In mun ce babu ta zo, wa za a kira gaban manya?"

"To kanumfarina fa?"

"Wannan na sashen noma ne, ƙofa ta gaba."

Ƙofa ta gaba a kulle. Sun tafi otal taron taimaka wa manoman kanumfari.

Wallahi raina ya ɓaci, amma dole in jinjina wa basira. An sayo na'urar auna iska daga ƙasar waje, an kafa ta, an yi jawabi, an ci shinkafa da kifi. Ashe hasashen ba ya ko bukatarta: saƙo ɗaya aka rubuta, yatsa ɗaya ke tura shi, kuma har abada ba mai kama ofishin da laifi.

Da na dawo da la'asar, rabin bishiyoyina sun buɗe, gwanin sha'awa, ƙudan zuma sai shagali. Daeng Rannu ta rage shinkafar da za ta ɗora. Rediyo kuma na sanar da cewa za a ba Mai Girma lambar yabo, don bana ko mutum ɗaya bai faɗo daga bishiya a gundumarmu ba. Ni shaida ne, ba wanda ya faɗo, tunda ba wanda ya hau.

Ina taya shi murna. In an tashi ƙawata rumfar bikin, a turo mota gidana a ɗebi fure, abin da na noma bana ke nan.