Ranar da Tsohuwa Ta Shiga Rumbun Ofis

Ba zan taɓa mantawa da kwamfutar Malam Bukar ba, ko da na so, domin har yau a ofishinmu na Jimeta ba a kirana da sunan da mahaifina ya raɗa mini.

Lokacin da rikici ya kori mutane daga arewacin jihar, reshenmu na can ya dawo wurinmu. Malam Bukar, dattijon magatakardansu, bai fito da komai ba sai wannan kwamfuta, naɗe cikin zanin matarsa, saboda takardun ma'aikatansu duk suna ciki. Tsohuwa muke ce wa kwamfutar. Kafin ta gama kunnuwa mutum zai iya zuwa kasuwa ya dawo. Aka ajiye ta a teburina, ni mai buga takardu.

Na shaƙu da ita. Ba ta haɗe da komai, don haka na mai da ita aminiya. Bayan azahar, idan ofis ya yi tsit, fanka na juyawa a hankali, sai in zuba wa taga ido, wajen kogin Binuwai, in ga kaina na zama shugaban sashen kwamfuta da ake shirin buɗewa. Ina son kujerar nan kamar raina. Har jawabin kama aiki na rubuta a cikin Tsohuwa (shafi huɗu, da wuraren da za a tafa), da jerin gyare-gyarena: a maido na'urar sanyaya ɗakin Oga ɗakina, a hana Madam Rifkatu sayar da zoɓo a ofis, maigadi ya riƙa ce mini Barkama, yadda ake gaida manya a Yola.

Sai Oga ya ce a zuba takardun reshen a rumbun ofis, wato foldar da kowace kwamfuta ke gani ta netwok, kuma wanda ya iya, za a duba shi wajen naɗin. Na ɗaga hannu tun bai rufe baki ba.

Kwana uku Tsohuwa na ƙi. Na canja kebul, na sa mata adireshi da hannu, na daidaita sunan rukuni, shiru. A ƙarshe na gano sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun, ba ta jin tsohon yaren da Tsohuwa take yi, sai an kunna mata shi. Da rumbun ya bayyana a allo, sai da na ji ƙwalla. Don murna ban tsaya zaɓe ba, na ja foldar takardu gaba ɗaya na jefa ciki, na hau keke zuwa gida a Dubeli ina murmushi ni kaɗai.

Washegari maigadi ya ƙame a ƙofa ya ce, "Barkama." Na ɗauka labarin bajintata ne ya bazu, har na ɗaga masa hannu. Ina shiga, Madam Rifkatu ta miƙe, ta ɗora robar zoɓo a teburina.

"Darakta, wannan zoɓo me ya yi maka? Sha ka gaya mini."

Nan na tuna jawabina da jerin gyare-gyarena suna cikin foldar da na jefa a rumbu. A taron safe Oga ya karanta jawabin da kansa, yana tsayawa duk inda na rubuta a tafa, su kuma suna tafawa. Malam Bukar kaɗai ya tausaya mini, ya ce shi dai takardunsa sun tsira, Allah ya yi albarka. Oga ya yaba aikin, sannan ya ce sashen na buƙatar mai duba abu kafin ya tura.

Wani aka ba kujerar. Ni sunan Darakta ya rage mini, har masu keke a bakin ofis sun iya shi. Ban daina mafarki ba, amma yanzu a kaina nake ajiye shi, tunda shi ba ya shiga netwok.