Ranar da Koko Ya Shiga Binciken Dakta

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, a ɗan ƙaramin asibitin da nake aiki kusa da Wurno. Har yau in na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wata Dakta ce za ta zo, 'yar Rabah, wadda ta yi shekara da shekaru tana binciken yadda ƙiba da sukarin jini ke buɗe wa ciwon daji ƙofa. Albarkacin aikinta ne ma muka fara auna ƙugun mutane a asibitinmu (mu da muka taso muna ɗaukar tumbi alamar hutu). Jinin mutum talatin take so ta kai ɗakin gwaji a Sakkwato, ni kuma aka ɗora wa tara su. Ogan asibitinmu ya ce in na yi abin kirki, da ni za a ci gaba da aikin har Goronyo. Sharaɗi ɗaya ta kafa, ta nanata min a waya sau uku: kada kowa ya sa komai a baki sai ruwa kafin a ɗebi jini.

Na ce, "Dakta, an gama." (Bakina bai taɓa jin nauyin alkawari ba.)

Ƙarfe bakwai dattawa sun cika benci. Takwas ta yi, babu Dakta. Can ta kira ta ce tayarsu ta fashe a Achida. Na shiga, na fita, na goge teburin da na riga na goge, na leƙa titi ya fi a ƙirga. Tara ta gota. Mutanen nan sun baro albasarsu babu ban-ruwa, ga ciki wayam, ga idanu duk a kaina. Sai Kawu Mani, ƙanen mahaifiyata, ya yafito ni.

"Kai ɗana, haka a ka tara mutane? Tun da sahe ko ruwan koko babu? Uwarka ba haka tar rene ka ba."

Nan fa ya taɓo ni inda ke min ciwo. A gidanmu ko mai tambayar hanya ba ya wucewa bai jiƙa maƙoshi ba. Na san doka sarai, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na lallashi kaina cewa kofi ɗaya zai bi jiki kafin ta iso. Na tsallaka titi da ƙafata, na ciko bokiti da koko, na ce wa mai kokon ta saki hannu wajen sukari, na haɗo da ƙosai. Da suka gama na tattara kofuna na ɓoye, na roƙe su, "Don Allah in an tambaya, ba ku ci komai ba."

Bayan rabin awa motar ta tsaya. Dakta ta ba da haƙuri, ta tambaya, dattawa suka amsa baki ɗaya, "Ba mu ci komi ba." Na ji wani sanyi a raina.

Kafin ta ɗebi jini a kwalba, sai ta fara da ɗan gwajin sukari a yatsa. Ta duba na farko, ta sake dubawa. Na biyu, ta gyara tabarau. A na bakwai ta soki nata yatsan don ta ga ko na'urar ce ta lalace. Na'urar lafiyarta lau. Ta ja ni gefe.

"Malam, ban taɓa ganin haka ba. Manoma ne, babu mai ƙiba a cikinsu, amma sukarin kowa ya hau. Akwai abin da ke faruwa a garin nan."

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Ni kuwa na girgiza kai na ce, "Ikon Allah!"

Ta zauna gaban Kawu Mani, ta yi masa bayani a hankali cewa sai ya je babban asibiti, don nasa ya fi na kowa hawa. Kawu ya zaro ido.

"Mi? Ɗiyata, ko dai kokon ga na? Kohi ukku nish sha. Yaron ga bai yi rowar sukari ba, Allah shi yi mai albarka."

Wasu ma har da amin.

Dakta ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi ya fi min sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Mutum nawa suka sha?"

Na ce, "Duka." (Har da ni.)

Ta cire safar hannu, ta rufe kular ƙanƙararta babu kwalba ko ɗaya a ciki. Sai da ta sake zuwa bayan mako biyu, kuma aikin Goronyo wani aka ba. Ni aka bar ni da rabon koko bayan an ɗebi jini, wai nan ne na fi ƙwarewa.

Tun ranar na san mutum talatin za su iya haɗa baki su rufa maka asiri, amma jini ba shi da kara.